Marsandi E350 'yar Amurka: me "ful ofshan" take nufi, kuma wane kaya ne ya cancanci kuɗinka?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Kusan kowane wata ina hawa hanyar Abuja sau biyu, ƙarshen mako kuma nakan leƙa gida a Jigawa, akwai 'yar burji kafin a shiga garinmu. Na shekara shida da Camry, yanzu ina son in koma Marsandi E350. Dillalai sun kawo mini guda uku. Ta farko 2011 ce, Luxury, rim 17. Ta biyu 2013, Sport, 4Matic, rim 18, rufin gilashi har baya, mai ita ya ce ful ofshan ce. Ta uku an ce 2014 ce, sabuwar fuska, amma kuɗinta bai kai na 2013 ɗin ba. Kowa yana yabon tasa. Mene ne bambancin Luxury da Sport? Me ake nufi da P1 da P2 da nake ji a bakinsu? Kuma wane kaya ne ya kamata in ƙara kuɗi a kansa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya sa a hau lafiya. Idan na fahimce ka, abu uku ka dunƙule waje guda: yadda kamfanin ya jera wannan mota, aikin da kowane kaya yake yi, da kuma wanda zai amfane ka a irin hanyar da kake bi. Bari in fara da kalmar da ta fi kowace cin kuɗin mutane a wannan harka, wato ful ofshan. Kalmar kasuwa ce, babu ita a takardar kamfanin da ya ƙera motar. Na daɗe ina jona kwamfuta a jikin waɗannan motoci, kuma abin da na lura shi ne, a bakin dillali duk motar da take da rufin gilashi da allo a dashbod da kyamarar baya ta zama ful ofshan. Ni kam ban taɓa cin karo da E350 ɗin da ta haɗa duk abin da ake iya sa mata ba. Wasu kayan ma ba sa zama a mota ɗaya, idan an ɗauki wannan an bar wancan.

Asalin motar

Duk ukun da aka kawo maka 'yan gida ɗaya ne, zubin da kanikawa ke kira W212. Ya fito a Turai a 2009, ya shiga Amurka da sunan ƙirar 2010, aka ci gaba da yin sa har 2016. A tsakiyar tafiya, daga ƙirar 2014, aka yi masa gyaran fuska: fitilu huɗun nan masu kusurwa suka koma biyu, aka sauya bamba, aka taɓa dashbod. Mafi yawan waɗanda ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja daga Amurka ko Kanada suka zo, ko da kuwa muna ce musu 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, don haka tsarin Amurka zan bi. Wanda ya faɗa hannun 'yar Turai zai ji wasu sunaye daban, Classic da Elegance da Avantgarde. Elegance ita ce ƙanwar Luxury, Avantgarde kuma ta fi kusa da Sport.

Kafin a kai ga kayan alatu, akwai bambancin da ya fi su duka nauyi, kuma dillalanka ba su ambace shi ba: injin 2011 da na 2013 ba ɗaya ba ne, duk da cewa lambar 350 ce a bayan kowace. A 2010 da 2011, inji mai silinda shida ne, lita 3.5, sunansa M272, ƙarfin doki 268. Daga 2012 aka koma M276, shi ma lita 3.5, amma ƙarfin doki 302, kuma yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsananin ƙarfi. Sabon ya fi gudu, ya fi tsimin mai. Tsohon ya fi haƙuri. Nozul ɗin M276 da famfonsa na matsi ba sa son fetur mai datti ko mai ruwa, kuma idan suka lalace ba kayan da za ka tsinta a kowane shago ba ne. M272 kuwa kusan duk bakaniken Marsandi a Ƙofar Ruwa ya san shi ciki da bai, tun daga kan wasu motocin Marsandi, C-Class da ML. Matsalar da aka san shi da ita a shekarunsa na farko, ta wani haƙori da ke cinyewa a cikin inji, an magance ta kafin W212 ta fito. Abin da ya rage masa shi ne 'yar sandar roba da ke jikin hanyar shigar iska, takan karye da tsufa ta kunna fitilar inji. A M276 kuma, ka saurari ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙu idan an tayar da shi da safe yana sanyi. Ko baƙin man da suke sha ya bambanta, tsohon lita 8, sabon lita 6 da rabi.

Luxury da Sport

Mutane da yawa sun ɗauka Sport babbar yaya ce, Luxury ƙarama, ko akasin haka. Ba hawa-hawa ba ne. A Amurka mai saye zaɓa kawai yake yi, inji ɗaya, giya ɗaya mai hawa bakwai, kuma Sport ba ta fi Luxury gudu da ko taku ɗaya ba. Bambancin yana cikin ado da ƙafa. Daga 2010 zuwa 2013 duka biyun suna da tauraro a tsaye kan bonet, sai dai ragar gaban Luxury sanda huɗu ce, ta Sport uku, kuma bambar Sport da gefunanta sun fi sauka ƙasa. Daga 2014 abin ya fito fili: Sport ta ɗauki babban tauraro a tsakiyar raga, Luxury ta riƙe nata a kan bonet.

Adon ba shi ne damuwata ba, ƙafar ce. Sport ta fi Luxury kwanciya ƙasa, sifirin ɗinta da shokabzoba sun fi tauri, an yi ta ne don kwana a titi mai santsi. Ka ƙara mata rim 18, sai ka duba lissafin taya. Tayar rim 17 lambarta 245/45, wato tsayin robar da ke tsakanin rim da kwalta ya kai kusan milimita 110. Ta rim 18 lambarta 245/40, milimita 98 ke nan. Wasu ma tayar bayansu 265/35 ce, milimita 93. Ka ga kamar ba wani abu ba ne, amma wannan 'yar tazarar ita ke shan dukan rami. Idan ka faɗa rami da gudu a tsakanin Zariya da Kaduna da daddare, tayar 17 takan kumbura ko ta tsira, rim 18 kuwa shi da kansa yake lanƙwashewa ko ya tsage ta ciki. Rabin motocin Sport da ake kawo mini da kukan sitiyari yana rawa, in muka ɗaga su, rim ne aka taɓa yi wa walda. Ga kuma tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama. Mai Sport da mutum huɗu a ciki sai ya hau shi a karkace, yana jin ƙasan mota yana karta.

Ga mai shiga burji kowane mako, Luxury ce motar. Samari sun fi son fuskar Sport, ban ga laifinsu ba, ta fi kyau a hoto.

Sai 4Matic, wato ƙafa huɗu duk suna ja, kashi 45 gaba, kashi 55 baya. An yi shi ne don ƙanƙara da dusar hunturu, shi ya sa ya fi yawa a motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada. Ba ya ɗaga mota, ba ya mayar da ita jif. Idan yashi ya taɓa cikinta, za ta kafe kamar kowace. Abin da yake ƙara maka shi ne nauyi, ɗan ƙarin shan mai, shaf biyu a gaba, da na'urar raba ƙarfi da ke manne a jikin giya. Wannan na'ura ba ta son tayoyi masu bambancin girma ko cinyewa, alhali mu a nan taya ɗaya ake saya idan ɗaya ta fashe, sau da yawa ma 'yar gwanjo ta wani kamfani daban. A hankali sai ka fara jin mota tana karkarwa in ka karya sitiyari gaba ɗaya a hankali. Akwai kuma abin da ya kamata ka haɗa da shi: inda ake sayen 4Matic nan ne ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Gishirin yana cin ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, da bututun birki. Jikin mota zai yi ta sheƙi, ƙasa ya rube. Kada ka biya kuɗin 2013 ɗin nan sai an ɗaga ta sama an ƙwanƙwasa wannan ƙarfe da guduma a gabanka.

P1 da P2

Yawancin abin da ake nuna maka a ce ofshan ne, da shi kowace E350 ta Amurka take zuwa: kujerun gaba masu motsi da lantarki masu tuna zaman direba, na'urar sanyaya mai ɓangare biyu, ƙaramin rufin gilashi, allon dashbod da ake kira COMAND, jakar iska tara, da na'urar Attention Assist, wadda ke lura da yadda kake riƙe sitiyari idan gudu ya wuce kilomita 80 a awa (60 daga ƙirar 2014), ta nuna maka hoton kofin shayi in ta ga alamar gyangyaɗi. Don haka ganin allo ba hujja ba ce ta komai.

Kayan ƙari kuwa, a dunƙule ake sayar da su. Premium 1, wanda ake taƙaitawa P1, ya ƙunshi taswirar hanya, kayan sauti na Harman Kardon, kyamarar baya, kujerun gaba masu ɗumi, rediyon tauraron ɗan'adam, da labulen gilashin baya mai tashi da lantarki. Premium 2 ya haɗa duk wannan, ya ƙara fitilun zenon masu juyawa su bi kwana, masu rage haske da kansu in mota ta taho, da Keyless-Go, wato buɗe ƙofa da tayar da mota makulli yana aljihu, da madannin rufe but. Kayan sukan ɗan motsa daga shekara zuwa shekara, kuma daga 2014 an rarraba na P2 zuwa ƙananan ƙunshi, na fitila daban, na makulli daban.

Yanzu ka ɗauki wannan jeri ka kawo shi Kano. Taswirar ta Amurka ce, za ka kunna ta ka ga kibiya tana yawo a fili. Rediyon tauraron ɗan'adam ba ya kamawa a Afirka. Hatta rediyon FM ɗin yana da nasa hali, lambobin da suka ƙare da mara yake tsayawa a kai, don haka zai kama maka 99.5 lafiya lau, amma tashar da lambarta ta ƙare da cika zai tsallake ta. Madannai uku da ke ƙarƙashin madubin ciki na buɗe ƙofar gareji ne a can. Kujera mai ɗumi kuwa, sai dai in asuba ta riske ka a Jos cikin hunturu. Na taɓa samun wani bawan Allah da ya zo yana cewa zazzaɓi yake ji duk sanda ya yi tuƙi, ashe yaronsa ne ya danna madannin ɗumama kujera, a watan Afrilu.

Abin da ya rage a P1 mai amfani shi ne kyamarar baya, labulen baya da sautin. Labulen nan kada ka raina shi, wanda ya taɓa zama a bayan mota da azahar a kan hanyar Haɗeja ya san darajarsa. A P2 kuwa fitilar ce. Idan za ka ƙara kuɗi a kan abu ɗaya tak a wannan mota, to ka ƙara a kan fitilun zenon na asali. Mai dawowa daga Abuja bayan magariba, ga tirela a tsaye ba alama, ga mai babur ba fitila, ga shanu suna tsallaka titi, bambancin fitilar halojin, wato ta gama-gari, da zenon bambanci ne na ganin abu da wuri ko a makare. Sharaɗin shi ne su zama na asali, ba a taɓa fasa su an liƙe da gam ba, domin ruwa in ya shiga ya ƙona akwatin wutar da ke ƙarƙashinsu. Keyless-Go daɗi ne, amma ka tabbatar an ba ka makulli biyu. Makullin Marsandi ba na yankawa a bakin kasuwa ba ne, kuma na motar Amurka a kan mita 315 yake aiki, na Turai 433, don haka ba kowane da ka gani a shago zai shiga ba.

Maganar kujera kuma, yawancin E350 na Amurka ba fata ba ce, roba ce ta musamman da kamfanin ke kira MB-Tex. Dillali zai ce maka fata ce tsantsa, kai ma ba za ka gane ba sai ka shinshina. Ni ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. MB-Tex ta fi fata jure rana da yara da zubewar lemo, sai dai takan tsage a ɗinkin kujerar direba. Fata ta gaske tana bushewa ta tsattsage a zafinmu in ba a shafa mata mai. Amfaninta ɗaya babba: kujera mai hura iska a bayanka sai da fata mai huji-huji take zuwa, kuma wannan kaya ne da aka yi kamar don mu, sai dai bai cika yawa a E350 ba. Katakon adon ciki, musamman mai ruwan ƙasa, rana tana kashe masa launi, ka duba na ƙofofi.

Kayan da ke zama bashi

Rufin gilashi mai kaiwa baya shi ne abin da ya fi sayar da mota a filin dillalai, kuma shi ne abin da na fi gani a rufe da labule shekara da shekaru. Gilashi ne a kanka a garin da zafi ke haura digiri 40, na'urar sanyaya tana ta fama. Ƙurar hunturu tana shiga layin da yake gudu a kai, ta haɗu da man shafawa ta zama kamar kunu, wata rana ka buɗe ya ƙi komawa. Akwai kuma 'yan bututu a kusurwoyinsa da ke zubar da ruwan sama, in ƙasa ta toshe su ruwan sai ya bi ta cikin ginshiƙi ya sauka ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suke. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka saye shi, to duk shekara kafin damina a wanke layin, a sa man da ya dace, a hura bututun.

Akwai ƙunshin taimakon direba: Distronic Plus mai riƙe tazara tsakaninka da motar gaba har ya taka birki, da mai gargaɗin fita daga layi, da mai nuna motar da ta ɓuya a gefenka. A babban titin Jamus abin sha'awa ne. Mai lura da layi yana buƙatar farin fenti a kwalta kafin ya ga abin da zai bi. Mai riƙe tazara, a inda ɗan adaidaita sahu zai kutso gabanka ba sallama, birki zai yi ta cafkewa. Na'urorinsu kuma suna bayan ragar gaba da cikin bamba, daidai inda ake fara bugawa, kyamarar tana jikin gilashin gaba, wanda in dutse ya fasa aka sauya sai an sake saita ta da kwamfuta. Idan sun mutu mota za ta yi tafiyarta, amma kullum ka tayar da ita sai ta gaishe ka da rubutun gargaɗi. In suna aiki, madalla, kada dai ka biya ƙari dominsu.

Ƙafar iska, Airmatic, ta fi zuwa a E550 ta 2010 da 2011, mai silinda takwas da ƙarfin doki 382. Da wuya ka gan ta a E350 ta Amurka, amma ka duba, domin za a iya kawo maka wata gobe. Daɗinta babu kamarsa, har da madannin ɗaga mota kaɗan. Sai dai jakar roba ce cike da iska, kuma roba mai shekara goma sha wani abu a cikin zafi da ƙura ta kusa gajiya. Alamarta ita ce ka kwana ka tashi ka tarar da mota ta durƙusa gefe ɗaya. Ita kuwa mai shan gas, BlueTEC, ka bar ta inda ka gan ta: an yi ta ne don dizal mai ƙarancin sinadarin sulfa, tana buƙatar ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi, kuma a E350 BlueTEC tankin wannan ruwa ya cinye gurbin safaya taya.

Yadda za ka san gaskiyar mota

Kowace Marsandi tana da takardar haihuwa. Lambar shasi, mai harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Duk mai kwamfutar Marsandi zai iya fitar maka da jerin abin da aka sa wa motar ranar da ta bar masana'anta, kowane kaya da lambarsa mai uku. 413 babban rufin gilashi ne, 414 ƙarami. 810 sautin Harman Kardon, 218 kyamarar baya, 889 Keyless-Go, 873 kujera mai ɗumi, 401 mai hura iska, 540 labulen baya, 489 Airmatic. Ka riƙe takardar a hannu, ka zagaya motar, ka danna kowane madanni da kanka. Abin da takarda ta ce akwai amma babu shi, an cire. Abin da yake jikin mota amma babu shi a takarda, an ɗora, kuma sai ka tambayi wa ya ɗora, da wace waya.

Wannan na ƙarshen ya fi faruwa da allon Android. Kayan sautin wannan mota a kan wayar haske suke magana da juna, zobe guda ne da ya zagaya daga dashbod zuwa amfilifaya a but. Mai riwayar da bai san haka ba yakan yanke zoben, allo ya yi kyau, sauti ya mutu ko ya koma na rediyon shayi, wani lokacin ma batir ya riƙa sauka da daddare. An biya kuɗin Harman Kardon an tashi da sunan kawai a jikin ƙofa.

Sai motarka ta uku, wadda ta fi ba ni tsoro. Watannin baya wani Alhaji ya kawo mini irinta, fara tas, sabuwar fuska, an sayar masa a matsayin 2014. Kukansa shi ne fitila tana ƙiftawa, dashbod yana ta rubutu. Tun kafin in jona kwamfuta na tsaya a gefenta na dubi saman tayar baya, sai ga ƙusumbin nan da ya taso daga ƙofar baya ya lanƙwasa bisa taya. Wannan layi na 2010 zuwa 2013 ne, a gyaran fuska an miƙar da shi. Na leƙa ciki: babu agogo mai hannu a tsakanin hancin iska biyu na tsakiyar dashbod, alhali duk 2014 tana da shi a nan. Agogonta yana can cikin mita, mai da'ira biyar, irin na da. Na karanta lambar shasi, harafi na goma A ne. Motar 2010 ce aka sa wa bamba da fitilu da bonet na 2014, fitilun ma ba na asali ba, an jona su da tef. Alhaji ya zauna a kan benci ya yi shiru, can ya ce a ba shi ruwa. Wanda ya sayar masa ya rantse shi ma haka ya saya.

A motar Amurka harafi na goma shi ne shekara: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016. 'Yar Turai ba ta bin wannan ƙa'ida, ita sai an duba takardar haihuwar. Da lambar nan kuma za a binciko tarihinta a can, ko ta bi ta gwanjon motocin haɗari irin su Copart da IAAI, ko ruwa ya taɓa cinye ta. Guguwar Sandy a 2012 da Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma irin waɗannan sukan ƙare a jirgin ruwa. Motar da ta sha ambaliya, yawan kayan lantarkinta shi ne yawan ciwonta. Sauya fuska ba haramun ba ne in an faɗa, amma sau da yawa dalilinsa shi ne gaban ya riga ya wargaje a haɗari, aka ga tunda za a sayi kaya gara a sayi na sabon yayi.

Abin da zan yi in ni ne kai

Daga nan inda nake ba zan iya jin ƙarar inji ba, ba zan ga ƙasan mota ba, kuma ba a cinikin biri a sama. Farashi ma ba zan yanka maka ba, dala ce ke juya shi kowane mako. Amma a kan abin da ka rubuta, 2011 Luxury mai jan baya da rim 17 ita ta fi dacewa da mai bin Abuja da burjin Jigawa, kuma ita ce za ta fi sauƙi ga wanda ya fito daga Camry, inda aka saba da mota mai yafiya. In takardarta ta nuna P2, ka rufe ido ka kama, matuƙar giyarta tana shiga sumul. Giyar nan ba ta da sandar auna mai, ta ƙasa ake cika ta a wani zafi na musamman, kuma manta iri biyu ne, ja na tsohuwar giya, shuɗi na wadda ta biyo baya, 7G-Tronic Plus. Ka tambayi wanda zai riƙa duba maka ita wanne taka take sha. In ya tsaya sosa ƙeya, ka nemi wani.

Ta 2013 tana da inji mafi kyau a takarda, amma ta haɗa abu uku da hanyarka ba ta so: ƙasa-ƙasa, 4Matic da babban rufi. In zuciyarka ta kafe a kanta, ka sa a ɗaga ta a duba tsatsa, ka sayi tayoyi huɗu iri ɗaya rana ɗaya, ka gwada mata rim 17 a ga ya wuce kan birki, ka kuma tsayar da gidan mai ɗaya ko biyu da ka amince da su. In kuma kana da haƙurin jira, ka ce wa dillalan su nemo maka 2012 ko 2013 Luxury mai jan baya, ka ba su lambobin da kake so a rubuce maimakon kalmar ful ofshan.

Ta ukun kuwa, gobe in ka je kada ka fara da tayar da ita. Ka tsaya ta ɓangaren direba, ka sunkuya kan gilashin gaba, ka ƙirga zuwa harafi na goma. In ka ga E, sai a shiga binciken dalilin arahar, a fara da tarihin gwanjo da ɗaga kafet. In ka ga A ko B, to kuɗin 2010 ko 2011 za ka taya, ka kuma cire na fitilun asali da za ka saya daga baya.